Yadda ake shirya hutun golf da abokai a Jos, a dawo da hotunan da za a iya nunawa

Mu huɗu ne, wani lokaci shida, kuma babu gwani a cikinmu. Shekara da shekaru muna ware 'yan kwanaki mu hau Jos mu buga golf, wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ni ne mai rataye kyamara, saboda haka ni ake yi wa tsiya duk ranar da aka makara. Abin da na koya bayan na sha tsiyar shi ne, wasa da hoto kishiyoyi ne. Dukansu sanyin safiya suke so, dukansu la'asar sakaliya suke so. Wanda bai raba musu kwana tun daga gida ba zai dawo da maki marar daɗin faɗi, da hotunan da shi kansa ba ya son gani, ga abokai na harararsa.

Jos muke zuwa saboda gari ne a kan tudu, sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, mutum zai yi awa huɗu yana tafiya a ƙasa bai narke ba. Filin Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma shi ake ɗauka mafi daɗewa a Najeriya. Akwai na Lamingo, akwai kuma na sojoji a barikin Rukuba. Ga duwatsu da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ga tsofaffin ramukan kuza da suka zama tafkuna. Duk abin da zan faɗa zai yi maka aiki ko Kaduna, ko Kano, ko filin IBB na Abuja kuka nufa.

KAYAN DA ZA A TANADA

Na wasa:

Sanduna. Doka ta yarda da 14 a jaka, ba ta ce dole sai sun kai ba. Sabon shiga shida ko bakwai sun ishe shi: direba ko wud mai lamba 3 don bugun farko, ayon mai lamba 5, 7 da 9, wej don fita daga yashi da gajeren bugu, sai fota ta zura ƙwallo a rami. Idan ba ka da naka, ka ara ko ka yi haya a kulob. Bahago dai ya zo da nasa, sandunan hagu ba su cika samuwa ba.

Ƙwallaye. Dozin biyu na hannu, ba sababbi ba. Za ka zubar da su a ruwa da ciyawa, gara ka zubar da masu araha. Ka sa wa naka alama da maka, ɗigo biyu ko harafin sunanka.

Ƙananan kaya: 'yan turakun ɗora ƙwallo da ake kira tii, safar hannu ɗaya (ta hagu ga mai bugu da dama), tawul, lema, da tsohon kwabo ko maɓalli na sa alama a gurbin ƙwallo.

Sutura: riga mai kwala, wandon yadi, hular hana-sallah ko malafa, takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Yawancin kulob ba sa yarda da jins, ko silifa, ko singileti. Kaftani a bar shi a masauki don Juma'a. A ƙara da rigar sanyi, kada wanda ya taso daga Kano ko Sakkwato ya ce shi ba ya jin sanyi, Jos za ta ƙaryata shi kafin a idar da Asuba.

Guzuri: ruwa aƙalla lita biyu kowane mutum, dabino, gyaɗa, ayaba. Cikakken wasa, wato rami 18, a ƙafa tafiya ce ta wajen kilomita takwas zuwa goma.

Na hoto:

Waya mai kyamara mai kyau ta wadatar, da sharaɗin akwai wuri a cikinta da kuma fawa bank. Mai babbar kyamara ya ɗauki gilashi biyu kawai: mai faɗi irin 18-55 ko 24-70, da mai janyo nesa irin 55-200 ko 70-200. Batir biyu, katin ajiya biyu, ƙyallen goge gilashi, 'yar robar hura iska, da leda mai zif don ƙura ko yayyafi. Idan da hali a sami tacin gilashi mai kashe ƙyalli, wanda masu sayar da kaya ke kira folaraiza. Sandar kafa kyamara mai ƙafa uku ba dole ba ce. Na daina ɗaukarta, jakar golf ko saman dutse suna yi mini aikinta.

MATAKI NA 1: A TSAYAR DA MUTANE, A NAƊA MA'AJI

Golf ba a buga shi fiye da mutum huɗu a rukuni ɗaya. Ku zama huɗu, ko shida ku rabu uku-uku, ko takwas. Biyar ita ce lambar rigima, don ba ta rabuwa daidai.

Ku zaɓi mutum ɗaya ya riƙe asusu, kowa ya zuba kasonsa mako biyu kafin tafiya. Daga nan za a biya mai, masauki, kuɗin shiga fili, sallamar masu ɗaukar jaka da abinci. A ɗora kashi goma cikin ɗari a kai don abin da ba a zata ba. Wanda ya ce "ku je zan turo" bai shiga tafiya ba tukuna, kada a kama masa ɗaki.

Tun a nan ku yanke wa ke da alhakin hoto. Mutum ɗaya ne. Idan kowa ya zaro waya a kowane rami, rana za ta faɗi kuna rami na sha ɗaya.

MATAKI NA 2: A ZAƁI LOKACI

Ni a ganina babu kamar ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Damina ta ɗauke ko tana kan ɗaukewa, ciyawa kore shar, tafkuna cike, sama garau, hunturu bai sauko ba. Gizagizai na nan jefi-jefi, kuma su ne kwalliyar hoton fili.

Yuli da Agusta ƙasar ta fi kyau, amma ruwan Jos ba ya sallama. Yana iya cinye muku yini guda. Idan lokacin kaɗai kuka samu, ku fita da sassafe, kuma da an ji tsawa a ajiye sanduna a bar fili. Mutum a tsakiyar sarari riƙe da ƙarfe, ko a fake ƙarƙashin doguwar bishiya, abin da aradu ke nema ke nan.

Disamba da Janairu sanyi ne da hazo. Ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi tauri, ƙwallo na gangarawa ta yi nisa, har mai raunin bugu ya fara jin kansa. Hoto kuwa sai an sauya dabara, zan zo kansa.

Tsakiyar mako ta fi ƙarshensa. Asabar ranar 'yan kulob ce, ita ake sa gasa.

MATAKI NA 3: A TUNTUƁI KULOB KAFIN A TASHI

Wannan matakin mutane ke tsallakewa. Mun taɓa tsallake shi: muka isa wani fili ƙarfe bakwai da jakunkunanmu, muka tarar an kafa rumfuna ana gasar kwana biyu. Muka sha shayi muka juya.

Ka kira sakataren kulob ko ƙwararren mai koyarwa na wurin, ka yi waɗannan tambayoyi. Ana karɓar baƙi a ranakun da muke so, ko sai wani ɗan kulob ya gabatar da mu? Nawa ne kuɗin shiga, nawa ake ba mai ɗaukar jaka? Akwai gasa? Akwai sandunan haya? Wuraren zura ƙwallo ciyawa ne ko yashi? Sannan ka faɗi a fili cewa ɗayanku zai ɗauki hotunan fili, har kuna so a bar shi ya shiga da sassafe ba da wasa ba. Idan ka nemi izini da ladabi da wuya a hana ka. Filin da ke cikin bariki kuwa dokarsa daban, ka tambaya takamaimai ko an yarda da kyamara, in an ce a'a ka bar ta a mota.

Jirgi marar matuƙi kada ka ɗauko shi don ganin dama. A Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ga shi gidan gwamnatin jiha a unguwar Rayfield yake.

MATAKI NA 4: HANYA DA MASAUKI

Jakar golf huɗu da manya huɗu ba sa shiga ƙaramar mota, ko me direba ya ce. Ku nemi Sienna ko ku yi mota biyu. Ku tashi da safe ku isa da rana, ku kuma tambayi mutanen gari halin da hanya da garin ke ciki kwana ɗaya kafin tafiya. Masu tasowa daga Abuja ta Akwanga za su bi Hawan Kibo, kuma a kan hanyar ne magangarar ruwa ta Assop da duwatsun Riyom suke, to kyamara ta kasance a kan cinya ba a but ba.

Mai zuwa ta jirgi zai sauka a Heipang, da 'yar tafiya zuwa cikin gari. Ya naɗe kawunan sanduna da tawul, ya kuma tsayar da sandar mofa wadda ta ɗara sandar direba tsawo a cikin jakar. In an jefar da jaka ta ka, ita za ta karɓi dukan.

Masauki ya kasance kusa da filin da za a fi bugawa. Abu biyu nake tambaya: ruwan zafi, da ko za a sami shayi kafin ƙarfe shida.

MATAKI NA 5: A RABA KWANA

Ga yadda muke yi a tafiyar kwana huɗu.

Ranar isowa, da la'asar, a je fili a gaisa da mutanen kulob, a ɗan yi atisaye. Ni kuma in zaga da ƙafa ina duba inda rana ke faɗuwa, in rubuta ramuka uku ko huɗu da suka fi kyau. Ba na wahalar da kaina, kadi (mai ɗaukar jakar 'yan wasa) mafi daɗewa a wurin nake tambaya, ya fi kowa sanin inda ake tsayawa a ga gari.

Rana ta biyu ta wasa ce zalla, rami 18 da safe. Babbar kyamara tana masauki. Waya kawai, ita ma a ramukan da aka riga aka ware.

Rana ta uku ta hoto ce. Abokai su yi barcinsu, ni ina fili kafin fitowar rana. Da yamma mu buga rami tara a natse, a nan ake yi wa kowa hoton bugu. Tsakiyar ranar a shiga gari: gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ko a nufi duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800.

Rana ta huɗu a buga fili na biyu da sassafe, a kama hanya in lokaci ya ba da dama, in ba haka ba a kwana.

Wanda ke da kwana biyu kacal ya buga tara maimakon 18 a rana ta biyu, ya ba hoto awa ɗayan farko.

MATAKI NA 6: A ZAƁI TSARIN DA BA ZAI KUNYATA KOWA BA

Kowane rami yana da adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku, huɗu ko biyar. 'Yan wasa na ce masa faa, ni zan kira shi ƙa'idar rami. Idan aka ce a ƙirga kowane bugu daga farko zuwa ƙarshe, wanda ya yi goma sha biyu a rami na biyu ya gama hutunsa, sauran kwanakin fushi zai yi ta yi.

Shi ya sa muke ƙirgen maki na Sitebulfod. Kowa yana da rangwamensa, wato handikaf. Mai rangwame 18 an ƙara masa bugu ɗaya a kowane rami, mai 36 an ƙara masa biyu. Ka cika ƙa'idarka, maki biyu. Ka wuce da ɗaya, maki ɗaya. Ka rage ɗaya, maki uku. Misali rami mai ƙa'ida huɗu: mai rangwame 36 ya zura a bugu shida, maki biyu ne, a bakwai, ɗaya, da ya buga na bakwai bai shiga ba, ya ɗauki ƙwallonsa a tafi, ba abin da ya rage masa a ramin. Wannan ɗaukewar ita ke sa wasa sauri. Wanda ba shi da rangwame a hukumance ku yanka masa da yardar kowa. Tsarin duniya da aka fara a 2020 ya kai har 54, to ba abin kunya ba ne a ba sabon shiga 36.

Idan a cikinku akwai wanda bai taɓa zagaya fili ba, ku yi wasan gayya, wanda ake kira sikirambul. Ku rabu biyu-biyu, kowa ya buga, a zaɓi ƙwallon da ta fi kyau, duka biyun su sake bugawa daga nan. Sabon shiga na zura ƙwallo ɗaya daga nesa, ya sami labarin shekara.

Kuɗi ba ya shiga tsakaninmu. Ƙaramin kofi muka saya daga asusu, yana kwana gidan wanda ya ci har shekara ta zagayo.

MATAKI NA 7: A CIKIN FILI

Ku iso rabin awa kafin lokacinku. Ku ɗauki kadi, wato mai ɗaukar jaka, kowa da nasa, kuma ku ji maganarsa. Da yawansu sun fi ka iya wasan nesa ba kusa ba. Na taɓa tsayawa a wani rami na zaro ayon mai lamba shida, nawa ya riƙe jakar bai saki ba.

"Yallaɓai, bakwai za ka ɗauka."

"Kai, a gida shida nake bugawa a wannan nisan."

"Nan ba gida ba ne, Yallaɓai. Iskar nan ba ta da nauyi."

Na buga shidan, ƙwallo ta tsallake tutar da ke nuna rami ta faɗa ciyawa a baya. Bai ce komai ba, ya dai miƙo mini wej. Gaskiyarsa ce: a tudu irin na Jos ƙwallo na ƙara nisa da wajen kashi huɗu zuwa biyar cikin ɗari a kan yadda take yi a gaɓar teku. Wanda ya zo daga Kano ko Kaduna bambancin bai kai haka ba, amma yana nan.

A wasu tsofaffin filayen Arewa wurin zura ƙwallo ba ciyawa ba ne, yashi ne da aka cuɗa da mai aka daddaɓe, ana ce masa biraun. In kun tarar da shi, ga yadda ake yi. Ka sa alama ka ɗauke ƙwallonka, mai shara ya ja abin sharewa daga gurbinka zuwa rami ya yi maka hanya sumul, ka mayar da ƙwallo ka buga. Ka buga kai tsaye kuma da ɗan ƙarfi, don ba ta cika lanƙwasa kamar a ciyawa ba. Kada ka taka hanyar da aka share wa wani, kada ka hau da takalmi mai ƙusoshi. Mai sharar ma yana da hakki a sallama.

Dokokin da baƙo ya fi karyawa kaɗan ne. Neman ƙwallon da ta ɓata minti uku ne, tun gyaran doka na 2019. Idan za a saki ƙwallo a sabon gurbi, daga tsayin gwiwa ake sakinta. In bugunka ya nufi mutane ka ɗaga murya ka ce "Foo!" In kun ga rukunin baya na jiranku kuma gabanku babu kowa, ku matsa gefe ku yafuto su su wuce. Kada ka shiga tafkin kuza neman ƙwallo, kada kuma ka tura yaro. Ramukan nan suna da zurfi, bakinsu na zaftarewa. Ciyawa mai duhu a taɓa ta da sanda kafin a sa hannu.

MATAKI NA 8: HOTON FILI

A Oktoba rana na fitowa a Jos wajen shida da kwata, a Disamba kusan bakwai saura kwata, tana kuma faɗuwa jim kaɗan bayan shida. A ƙasashenmu rana ba ta jan ƙafa wajen hawa. Hasken nan mai ruwan zuma bai fi minti arba'in ba, daga ƙarfe tara zuwa huɗu kuwa tana bisa kai, fili ya baje kamar tabarma. Ka kasance a gurbinka kafin ta leƙo.

Kada ka ba rana baya, kuskuren kowa ke nan. Ka sa ta a gefenka, ko gaba-gaba kaɗan. Hasken gefe ne ke fito da tudu da kwari, ya ja inuwar bishiyoyi ta yi tsawo, ya sa raɓa ta yi ƙyalli. Wata safiya na durƙusa a bayan wani wurin zura ƙwallo, gwiwata ta jiƙe sharkaf. Babu sawun kowa a kan raɓar sai na wani tsuntsu da ya ratsa. Tuta ja na rataye ba iska, bayanta duwatsu, hayaƙin girkin safe na tashi daga wata unguwa can nesa. Minti biyar bayan nan mai yankan ciyawa ya shigo da injinsa, shi ke nan. Hoton yana bangon ofishina.

Ga abin da za ka riƙa dubawa kafin ka latsa:

Ka rage tsawo ko ka ƙara. Hoton da aka ɗauka a tsaye daidai ido shi ne wanda kowa ke da shi. Ka tsuguna har ciyawa ta cika ƙasan hoto, ko ka hau tudun bugun farko ka hango ramin duka.

Ka sa wani abu a gaba: dutse, bakin ramin yashi, reshe, ko jakar golf. Sannan tuta a tsakiya, duwatsu a baya. Hawa uku ke nan, su ke sa ido ya shiga cikin hoto.

Ka kunna layukan raba allo a wayarka. Iyakar ƙasa da sama ta zauna a layin sama in ƙasa ce mai kyau, a layin ƙasa in gizagizai ne. Ta kuma miƙe, musamman in akwai tafki, don ruwa ba ya karkata.

Ka sa mutum, ko ɗan mitsitsi ne. Kadi na tafe da jaka a kafaɗa shi ke nuna girman dutsen da ke bayansa.

Mai waya ya goge gilashi da farko, aljihu na shafa masa maiƙo. Ya taɓa allo a wurin da ya fi haske, ya ja hasken ƙasa kaɗan don kada sama ta ƙone ta zama fari fat. Kada ya janyo hoto da yatsu biyu, ya yi amfani da gilashin 2x ko 3x in akwai, in babu ya taka da ƙafa. Mai kyamara ya sa ISO a 100, ƙofar gilashi f/8 zuwa f/11, ya ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoto da ba a tace ba. Ya juya folaraiza a hankali har ciyawa ta daina ƙyalli, amma a kan tafki ya sassauta, in ba haka ba zai kashe inuwar duwatsu a ruwa, alhali ita ya zo ɗauka.

In hunturu kuka tarar, ka daina neman kore da shuɗi, babu su. Ka ɗauki gilashi mai janyo nesa ka nemi duwatsu jere a bayan juna, kowane ya fi na gabansa dusashewa. Ka fuskanci rana, wadda hazo ya mayar kamar farin faranti, abokinka ya zama baƙar inuwa da sanda a sama. Irin waɗannan in aka mayar da su baƙi da fari sun fi na damina ma. Kada dai ka sauya gilashi a sarari, ka shiga mota ka rufe. Ƙura kuma a hure ta kafin a goge, in ka goge kai tsaye ka kankare gilashin.

Mutanen da ba naku ba, ko 'yan kulob ne, ko mata masu ratsawa da kaya, ko makiyayi a gefen fili, a yi sallama a tambaya. Kadin da ka ɗauka, ka karɓi lambarsa ka tura masa.

MATAKI NA 9: HOTON ABOKAI SUNA BUGU

Wuri biyu ake tsayawa: fuska da fuska da mai bugu, taku shida ko fiye, ko a bayansa kana kallon inda ƙwallo za ta. Gaban ƙwallo, wato ɓangaren da za ta nufa, haramun ne, ko da a gefe. Ƙwallon golf ba ta kai giram 46 ba, amma tana fasa kai, kuma ta sabon shiga ba ta san hanya ba.

Ka kashe ƙarar kyamara. In ba ta kasuwa, kada ka latsa sai sanda ta taɓa ƙwallo. Ka kula inuwarka kada ta faɗa kan ƙwallonsa. Saurin ɗauka ya kai 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, ka sa ta a ɗauka a jere. A waya ma akwai wannan, ka koyi yadda taka ke yi tun a gida. Hoton da mutane suka fi so shi ne na ƙarshen bugu, sanda a bayan wuya, ido na bin ƙwallo. Daɗinsa, ba ya nuna inda ƙwallon ta je. Bugun fita daga ramin yashi ma yana kyau ainun in rana na bayan mai bugun, yashin sai ya tashi kamar garin zinariya.

Matsalar da littattafan hoto ba su cika kulawa da ita ba: fatarmu mai duhu, ga inuwar hula, ga sama mai haske. Kyamara sai ta auna sama ta bar fuska baƙi ƙirin. Ka taɓa fuskar a allo ka ƙara haske, ka ce ya ɗan ɗaga hular, ko ka juya shi ya fuskanci inda haske ke zuwa. In kusa kake, ka kunna filasha ko da rana ce.

Hoton rukuni a yi shi kafin bugun farko, riguna ba su jiƙe ba, ba wanda ya ɓata rai tukuna. Ka shigar da masu ɗaukar jaka a ɗaya.

MATAKI NA 10: KOWANE DARE, DA RANAR KOMAWA

Kafin ka kwanta ka kwafe hotunan ranar zuwa wuri na biyu, kwamfuta ko waya, ka sa batura a caji, ka hure ƙura. Kada ka goge kati sai ka isa gida.

Tacewa a manhajar Snapseed ko Lightroom ba ta wuce abu huɗu: miƙe hoto, rage hasken sama, buɗe inuwa, ƙara ɗumi kaɗan. Hannunka ya yi nesa da abin ƙara launi. Ciyawar da ta koma kamar an zuba mata fenti, duk wanda ya san Jos zai gane ƙarya ce.

Cikin ɗari biyar ka zaɓi talatin. Ka tura su a WhatsApp a matsayin fayil, don in ka tura kai tsaye yana matse su. Kafin ka sa hoton wani a Facebook ko Instagram ka tambaye shi, wani bai gaya wa ofis inda ya tafi ba. Biyu ko uku mafi kyau na filin ka aika wa sakataren kulob, baɗi da ka kira zai gane muryarka.

Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa daren ƙarshe, a raba ragowa ko a bar ta jarin baɗi. A ware kuɗin tsaraba daban, a kuma bar wuri a but: dankalin Turawa, kabeji, karas, acca, da sitiroberi in lokacinsa ne. Dankalin a ƙasa, jakunkunan golf a kai, sitiroberi a kan cinya. Mun taɓa yin akasin haka.